Ko Ka San Akwai Kifin da Ruwa Ke Iya Kashewa?

Ko ka san in aka danne gaiwa a ƙarƙashin ruwa, aka hana ta leƙowa sama, mutuwa za ta yi? A ruwa aka ƙyanƙyashe ta, a ruwa take kiwo, amma da huhu take numfashi, huhu biyu kuwa. Abin shaƙar da sauran kifaye ke da shi a gefen kai ita ma tana da shi, sai dai in ta girma ba ya isarta. Dole lokaci-lokaci ta taso, ta buɗe baki ta haɗiyi iska, sannan ta koma ƙasa.

Wanda ya san ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ba sai an faɗa masa amfanin wannan baiwa ba. Daga watan Oktoba ruwan sama ya yi sallama, sai kuma wajen Mayu ko Yuni. Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, tana riƙe ruwa duk shekara, amma kududdufi da fadama ba su da wannan gatan. Ruwa na ja da baya, karfasa da ƙananan kifaye su zama rabon yara da balbela. Tarwaɗa takan ɗan jure, don ita ma tana shaƙar iska, har takan ja ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta nemi wani ruwan. Gaiwa kuwa ba ta zuwa ko'ina.

Tun laka tana da laushi take kafa kai ta haƙa rami, tana cizon taɓo tana fitar da shi ta gefen wuya. In ta yi nisa sai ta naɗe jiki, wutsiya ta rufe kai, ta fitar da yauƙi mai yawa. Yauƙin nan shi ke bushewa ya zama jaka, ya rufe ta ruf, sai 'yar kafa daidai bakinta inda iska ke shigowa. Daga nan komai na jikinta ya lafa: bugun zuciya ya ragu, ba ci, ba sha, ba fitsari. Dattin da kifi ke zubarwa a ruwa, wanda da ya taru zai zame mata guba, sai jikinta ya mayar da shi yuriya, sinadarin nan dai da manomi ke saye a buhu yana zuba wa masara, ta adana shi har ranar da ruwa ya dawo. Maganar da mutanenmu ke yi cewa gaiwa jikinta take ci, akwai gaskiya a ciki, don tsokarta take narkarwa kaɗan-kaɗan tana rayuwa. A daji watannin rani take yi a haka, a ɗakin bincike kuwa an ga wadda ta haura shekara uku.

Masanin Ingila Richard Owen ne ya fara bayaninta a rubuce a 1839, daga wadda aka kai masa daga kogin Gambiya. Jinsi shida ne kacal suka rage na danginta a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostiraliya, alhali an tono ƙasusuwan magabatansu masu shekara wajen miliyan 400. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago suka nuna cewa siraran gaɓoɓinta na baya, masu kama da igiya, takawa take yi da su a ƙasan ruwa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne sha'awar da ake yi ta ajiye kifin ado a akwatin gilashi. Cikin waɗanda masu wannan sha'awa ke so akwai dangin da Turawa ke kira loach, ƙananan kifayen Asiya da Turai masu gashin baki, masu son kwanciya a ƙasan ruwa. Wani daga cikinsu, na Sin da Japan da Koriya, yana da tasa dabarar: ya haɗiyi iska, hanjinsa ya tsotse abin amfani, sauran ta fita ta baya. Wani kuma mai zanen baƙi da ruwan lemo, ɗan tsibiran Sumatra da Borneo, ba ya sakewa sai cikin 'yan'uwansa biyar ko fiye, kuma yakan kai santimita 30 a tsayi. Saboda haka sai babban akwati, da lallausan yashi don kada tsakuwa ta cinye musu gashin baki, da maɓoya, da matatar ruwa da famfon iska masu aiki dare da rana. A zafin Afrilu, in aka ɗauke wuta babu sola, ruwan ya ɗumama, iskar cikinsa ta ragu, kafin gari ya waye an yi asara.

Gaiwa ba ruwanta da famfon iska. A ganina ta fi su abin kallo, sai dai ba ta da kyan maƙwabtaka ko kaɗan. Haƙoranta masu faɗi ne, da su take farfasa dodon koɗi, kuma duk kifin da bakinta ya kai gare shi abinci ne. Ko 'yar'uwarta ba ta ragawa. Tausayinta a kan ƙwai ya tsaya, shi ma namijin ne ke gadin sheƙa da damina har 'ya'yan su fara yawo.

Mai son ajiye ta sai ya ware mata akwatinta ita kaɗai, mai faɗi, don takan kai mita guda. Ya riƙa sauya wani ɓangare na ruwan a kai a kai, ya sa murfi mai nauyi domin takan ture ta fice, ya bar tazara tsakanin ruwa da murfin inda za ta sha iska. Yara kuma a hana su tsoma yatsa.