Fuskar 2021, injin 2010: Abin da sabuwar bamba ke ɓoyewa a manyan motocin Gombe

Sunan unguwar Federal Low-Cost da ke cikin garin Gombe ya ishe ta tarihi. Rukunin gidaje ne irin waɗanda gwamnatin tarayya ta gina a garuruwan ƙasar nan domin masu ƙaramin ƙarfi. Amma tun da Gombe ta zama hedikwatar jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, unguwar ta yi ta sake kama. An ɗaga katangu, an ƙara ɗakuna, an sa manyan ƙofofin ƙarfe, wasu daga cikin yaran da suka tashi a layukanta kuma aiki ya kai su Abuja. Da Sallah ko ranar wani ɗaurin aure, ƙofofin gidajen kan cika da Prado da Land Cruiser da Lexus, wasu da lambar GME, wasu da ABJ ko BWR ko RSH, kowace na sheƙi kamar jiya aka sauke ta daga jirgi.

Ba dukansu ne sababbi ba. Da yawa sun haura shekara goma a duniya, gabansu kawai aka sauya. A bakin makanikai da dillalai sunan wannan aiki afgired: a cire bamba da ragar gaba da fitilun motar 2010, a ɗora irin na 2018 ko 2021, a bi da fenti. Wanda bai san mota ba ba zai taɓa ganewa ba, wanda ya san ta ma sai ya buɗe ƙofa ya leƙa ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta wuce kimanin naira 460 ba. Cikin 2024 ta haura naira 1,500. Da dala ake sayo mota, da farashin dala kuma kwastam ke lissafa kuɗin fito, saboda haka tsadar ta zo ta ƙofa biyu. A ƙarshen 2023, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan motocin 'yan majalisar tarayya, rahotanni sun sa kowace a kan kusan naira miliyan 160. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya shekara 190 bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara wannan kuɗi. Tun 2003 kuwa, da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata kuɗi a hannu, akasarin manyan ma'aikata da aljihunsu suke sayen abin hawa. Darakta ko mai ba minista shawara da ke son ya shiga gida da mutunci yana da zaɓi biyu: ko ya ci bashin da zai bi shi har ritaya, ko ya yi wa tsohuwarsa sabuwar fuska a kan wani ɗan kaso na kuɗin sabuwa. Ba abin mamaki ba ne da yawa suka zaɓi na biyun.

Kamfanin Toyota ma, ba da niyya ba, shi ya share hanyar. Land Cruiser samfurin 200 ta fito a 2007, ba a sauya gangar jikinta ba sai da samfurin 300 ya zo a 2021. A tsakani gyaran fuska kawai aka yi mata, a 2012 da 2015. Haka Prado samfurin 150 da ta fito a 2009, aka taɓa gabanta a 2013 da 2017. 'Yar uwarta Lexus GX 460 ta bi wannan sawu, LX 570 kuma ta samu faffaɗar ragar nan mai matsattsen tsakiya da aka san Lexus da ita tun 2012. Tun da ƙashin motar ɗaya ne, sabon gaba na iya zama a kan tsohon jiki. Masana'antun ƙasar Sin suka gane haka, suka shiga kwaikwayon kayan, 'yan kasuwa na ɗauko su daga Guangzhou zuwa Ladipo a Legas, da Apo a Abuja, da Ƙofar Ruwa a Kano.

Aikin ba nauyinsa ɗaya ba. A wata motar bamba da raga da fitilu sun wadatar. A Prado da ake so ta koma 2018, ko LX 570 da ake so ta koma 2016, sai an haɗa da bonet da fenda, don fitilun ba za su zauna a tsohon gurbi ba. Mafi nisa shi ne mayar da samfurin 200 kamar 300, domin waɗannan motoci biyu ne daban tun daga shasi: ta farko an fi saninta da injin V8, ta biyu V6 ne mai tabo biyu da giya goma. A nan ba gyaran fuska ake yi ba, shigar burtu ce.

Abin da ke bayan robar

Abin da muke kira bamba murfi ne kawai na roba. Aikin kariya na bayansa yake. Akwai ƙarfe kwance da aka ɗaure a bakin shasi, akwai soso mai tauri tsakaninsa da murfin wanda ke shanye ƙaramin karo, sannan can kusa da lagireto akwai ƙananan na'urori masu jin bugu, waɗanda ke aika wa kwamfutar motar saƙo ta yanke hukuncin fasa jakar iska ko barinta. Duk wannan a cikin ƙasa da ƙiftawar ido yake faruwa, kuma injiniyoyi sun auna shi ne bisa siffar gaban da motar ta zo da shi.

Kayan kwaikwayo ba kullum suke dacewa ba. Idan sabuwar bamba ta ƙi zama, mai gyaran jiki ba zai mayar da ita Guangzhou ba. Zai yanke inda ya tokare, ya zare soson don ya samu fili, in ta kama ya sassaƙe ƙarfen. Na'urar jin bugu da ta rasa mazauninta sai a ɗaure ta da waya a wani lungu. Motar za ta tashi lafiya, ta yi gudu lafiya, babu abin da zai nuna an taɓa wani abu, sai ranar da aka yi karo a hanyar Alkaleri jakar ta makara ko ta ƙi fita. Akwai fitila a allon direba da aka tanada don ta tona irin wannan asiri, ita ce mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa. Ƙa'idarta ta kama idan an murza makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Idan ta ƙi mutuwa akwai matsala. Idan ba ta kama ba ko kaɗan matsalar ta fi girma, domin wani ne ya rufe mata baki.

Masu sababbin motoci na gaske ma ba su tsira ba. Tun daga wajen 2016, da yawa daga cikin Land Cruiser da LX 570 na ɗauke da na'urar hangen gaba a bayan tambarin kamfanin da ke tsakiyar raga, wadda ke auna tazarar motar da ke gaba, ta taka birki da kanta in direba ya shagala. Tambarin nan ba ado ba ne kawai, an yi shi ne yadda saƙon na'urar zai ratsa shi. Wanda ya sauya ragar don neman wadda ta fi ƙyalli, aka sa masa tambari na gama-gari, ko aka mayar da na'urar a karkace ba a sake saita ta ba, ya biya kuɗi ne ya makantar da motarsa.

Sai batun iska. Ramukan bamba da ƙananan robobin da ke bayanta su ke tura iska cikin lagireto da na'urar sanyaya ɗaki. Su ne kuma abin da aka fi jefarwa a kwandon shara yayin afgired, don ba wanda ke ganinsu. A sanyin Disamba ba za a ji bambanci ba. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, mota cike da iyali, a cunkoson kasuwa ko a hawan tudu, allurar zafi za ta faɗi gaskiya. Fitilun kwaikwayo kuwa, banda shan ruwa da damina, sukan watsa haske ko'ina maimakon su kwantar da shi a kan kwalta, su kashe idon mai tahowa a hanyar Bauchi zuwa Gombe da ba ta da tsakiya.

Gombe ba Maitama ba ce

Sababbin fuskokin nan, musamman na Lexus, sun fi tsofaffin sauka ƙasa, kuma masu son ƙari sukan liƙa wani leɓe a ƙarƙashi. A titunan Maitama da Asokoro abin sha'awa ne. Gombe kuwa gari ne da ke cikin kwari, wanda ya daɗe yana fama da zaizayar ƙasa da kwazazzabai. Ruwa ɗaya kan canza fasalin layin da ba kwalta, ga gadojin kwata na ƙofar gida masu tsini, ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama. Wanda zai wuce ƙauye ta Kaltungo ko Dadin Kowa ko Bajoga ya san sauran. Motar da aka saya don tsayinta sai a wayi gari direba na shiga gida a karkace kamar mai ƙaramar mota, kuma da wuya ta koma Abuja ba tare da tsagewa a leɓe ba. Ta asali takan lanƙwashe ta dawo. Mai araha, musamman ta faiba, tsagewa take yi.

Wasu sun bi ta ɗaya gefen, suna ɗaura katon ƙarfe a gaban motar. Hujjarsu tana da ƙarfi: ƙasar makiyaya ce, kuma wanda ya taɓa cin karo da saniya da dare bai manta ba. Amma ƙarfen da aka yi wa walda kai-tsaye a shasi yana hana gaban motar murƙushewa yadda aka tsara, sai ƙarfin bugun ya wuce zuwa jikin na ciki, lissafin jakar iska kuma ya rikice. Na waje ya fi shan wahala. Tsayin wannan ƙarfe daidai yake da ƙirjin babba da kan yaro, a unguwar da yara ke wasa a bakin ƙofa, 'yan acaɓa da masu Keke ke kutsawa ta kowane gefe. Tarayyar Turai ta kafa wa irin waɗannan ƙarafa tsauraran sharuɗɗa tun 2005, Indiya kuma ta haramta su a Disamban 2017. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sa wa ido, domin shi kaɗai ne adon da wanda bai saya ba ke biyan kuɗinsa.

Ranar sayarwa

Mutum ya ƙawata motarsa da kuɗinsa ba laifi ba ne. Magana tana canzawa ranar da motar ta shiga hannun dillali. Mai ita na farko ya san ta 2011 ce. Na biyu an gaya masa afgired ce. Kafin ta kai na uku kalmar ta faɗi a hanya, an sa mata farashin fuskarta. Wannan algus ne, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana yaudarar mai saye game da abin da ake sayar masa. Sai dai neman haƙƙi bayan an biya kuɗi doguwar tafiya ce.

Bambancin ba na shekaru a takarda ba ne kawai. LX 570 ta 2016 giya takwas gare ta, ta 2010 shida, kuma tsarin man da ke ɗaga ta ya sauke ta yana tsufa, gyaransa ba wasa ba. GX 460 ta 2020 ta zo da na'urorin kauce wa karo waɗanda sabuwar raga ba za ta saka wa ta 2010 ba. Mafi tsanani, GX na shekarun farko na cikin miliyoyin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta tarwatse da ɓarɓashin ƙarfe a fuskar fasinja. Wanda ya ɗauka motarsa ta 2020 ce ba zai ma yi tunanin bincikar wannan ba.

Inshora ma tana da nata. Kamfani na karɓar kuɗi ne bisa ƙimar da aka rubuta da kuma bayanin da mai mota ya bayar. Sauya gaban mota ba a sanar ba, ko rubuta shekarar fuska a maimakon ta shasi, na iya zama hujjar ƙin biya ranar da aka fi bukata. Ga ma'aikacin gwamnati akwai wani ɗan abin dariya: motar da ya rubuta a fom ɗin bayyana kadarori a matsayin ta 2010 tana yawo a gari da kamannin ta miliyan ɗari, maƙwabta da abokan aiki na ta lissafin albashinsa, 'yan uwa kuma na ƙara yawan bukatunsu daidai da faɗin ragar.

Sau da yawa ba maigidan ne ke zuwa gareji ko wurin dillali ba. Hadiminsa ake aikawa, ko direba, kuma shi za a tuhuma in abu ya lalace. Abin da zai cece shi bai da tsada. Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, inda akasarin Lexus ɗinmu suka fito, na goma a jerin shi ne shekara: 8 na nufin 2008, A 2010, G 2016, L 2020, M 2021. Tun 2022 kwastam ma da wannan lamba take ƙiyasta kuɗin fito, kuma da ita ake duba kiranye kyauta a shafin hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA. A motocin wasu kasuwannin ba kullum wannan ƙa'ida ke aiki ba, sai a duba takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofar direba, da ƙyallen da aka ɗinka a gindin bel, wanda kan ɗauki shekarar ƙira. Masu afgired kan sauya sitiyari da allon gaba, amma da wuya su kai ga bel.

Idan kuma aikin za a bayar, hadimin ya tsaya a wurin ranar da aka cire tsohuwar bamba, ya ɗauki hoton abin da ke bayanta, ya sake ɗauka kafin a rufe da sabuwa. A sa kwamfuta a motar kafin aiki da bayansa. Tsofaffin kayan kuma kada a bar su a gareji a matsayin tukuici: bamba da fitilun asali na Toyota, ko sun shekara goma, suna da masu nema a Apo, kuma mai sayen motar nan gaba zai iya tambayarsu.