Kyanwa Mai Rai Tara: Daga Ina Zancen Ya Samo Asali?



Duk wanda ya tashi a cikin badalar Kano, daga Madabo har Alfindiki, ya saba ganin kyanwa tana bin kan katanga da dare, tana tsallake indararo daga soro zuwa soro, wani lokaci ƙafa ta zame mata ta faɗo tsakar gida, ta miƙe ta karkaɗe jiki ta wuce abinta, har tsofaffi su ce ai dama rai tara gare ta. Kuma idan mutum ya sha tsallake rijiya da baya, shi ma da wannan kirari ake binsa.

Abin lura shi ne, al'ummai sun yi ittifaƙi a kan yawan rayukan, amma sun saɓa a kan adadi. Larabawa, waɗanda fataken Gadamas da Tarabulus daga cikinsu suka daɗe suna cin kasuwar Kurmi, bakwai suke cewa, haka ma mutanen Sifen da Italiya. Turawan Ingila kuwa da Turkawa tara suke ƙirgawa. Wasu marubuta kan jingina tarar ga Misra ta zamanin Fir'auna, inda aka girmama kyanwa a birnin Bubastis har ana yi wa gawarta hanuɗi, aka kuma riƙe gumaka tara a Heliyofolis. Sai dai wannan ƙiyasi ne na mutanen baya, ba nassi ba. A nawa ra'ayin, kowace al'umma ta ɗauki adadin da ya fi zama a bakinta ne kawai.

Malaman zaure dai ba su taɓa ɗaukar zancen da ma'anarsa ta zahiri ba, domin kowane rai ajalinsa guda ne. Abin da suke karantarwa daga Muwaɗɗa ta Imamu Malik shi ne kyanwa ba najasa ba ce, kuma Buhari da Muslim sun rawaito hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Amma camfi bai rasa mazauni ba, don har yanzu akan kwaɓi yaro kada ya doki baƙar mage da magariba, wai ko aljani ne.

Haƙiƙanin sirrin kuwa a jikinta yake. A shekarar 1894 wani masani Bafaranshe, Marey, ya ɗauki jerin hotunan kyanwa tana faɗowa, ya nuna yadda take fara juya kai da ƙirji, sannan ƙugu ya biyo, ta dira a kan ƙafafu huɗu, saboda laushin ƙashin bayanta da ma'aunin daidaito da Allah ya sanya a cikin kunnenta. A 1987 likitocin dabbobi a birnin New York suka duba kyanwoyi 132 da suka faɗo daga dogayen benaye, kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suka rayu. Sai dai da yawansu an kawo su da karayar ƙafa da rauni a ƙirji, waɗanda suka mutu nan take kuwa da wuya a kai su asibiti, balle su shiga lissafi.