Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa: Wa Zai Kafa Ƙarfen Sabis A Inda Babu Riba?

A watan Satumban 2021, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Masu POS suka rufe shago, mai son gaisawa da ɗan'uwa sai ya hau mota ya nemi garin da ke da sabis. An dawo da layukan daga baya, amma akwai ƙauyukan da dama can sai an hau tudu ko bishiya kafin kira ya shiga. Su matsalarsu ta lissafin riba ce.

Kada mu yi wa gasa butulci. Kafin 2001 NITEL ce ta mamaye fage, kuma layukanta ba su kai rabin miliyan ba a duk Najeriya. Da MTN da Econet suka fara aiki a shekarar, sim kaɗai yana cin dubban nairori, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi kana magana sai an cire maka kuɗin minti guda. Glo ce ta shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi sahu. Ba tausayinmu suka ji ba, tsoron rasa kwastoma ne.

To amma gasa tana zuwa ne inda ake da kasuwa. Ƙarfen sabis yana buƙatar janareta da man dizal da mai gadi da injiniyan da zai riƙa leƙa shi. A cikin garin Funtuwa wannan kuɗin yana dawowa. A ƙauyen da ke bakin daji, inda hanya ba ta biyuwa kuma mutum kan sa katin ɗari biyu ya yi mako da shi, wane kamfani zai yi rububin zuwa?

Don cike wannan giɓin ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin hukumar NCC, domin tallafa wa kai sabis yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Wani kaso na kuɗinsa kuwa daga harajin da kamfanonin ke biya duk shekara yake fitowa, wato daga katin da ni da kai muke sakawa. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su CITAD ta Kano, da ke koya wa matasa yadda al'umma za ta kafa nata ƙaramin netwok ta kula da shi.

A ganina, raunin wannan ɓangaren shi ne ranar da batirin sola ya mutu. Kamfani zai aiko a gyara don yana asara a kowace awa. Aikin tallafi kuwa sai ya jira sabon kasafi, idan ba mutanen garin ne suka saba tara kuɗin gyara da kansu ba.