Kafin a Biya Kuɗin Bobkat ta Hannu

Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya ratsa ƙasar Daura, idon mutanen Sandamu ya saba da manyan injina. Ba abin mamaki ba ne mai gidan bulo ko mai tifar yashi ya fara lissafin mallakar nasa. Katafila ta fi ƙarfin aljihu, sai hankali ya koma kan ƙaramar nan mai bokiti a gaba, wadda kowa ke kira bobkat ko da Case ko JCB ne suka ƙera ta. Asalinta ma daga gidan kaji ne: a 1957 wasu 'yan'uwa biyu maƙera, Cyril da Louis Keller, suka haɗa ta a jihar Minnesota ta Amurka don kwashe kashin talotalo.

Kuskuren da mai saye ya fi yi shi ne ya tafi da makaniken mota. Shi kuwa zai kasa kunne ga inji, ya ji yana kaɗawa lafiya, ya ce, "Alhaji, biya kawai." To amma bobkat ba ta da sitiyari, ba ta da giya irin ta mota. Inji famfo kawai yake juyawa, famfon ya tura man haidirolik zuwa na'urori biyu, ɗaya ta ja tayoyin dama, ɗaya ta hagu, ta hanyar sarƙa. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya gudu, sai ta juya. Kuɗin yana cikin famfon nan, kuma lalacewarsa ba ta nuna kanta sai mai ya yi zafi.

Saboda haka gwaji biyu ne. Na farko da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita. Ka dafa injin da hannunka; in ka ji ɗumi, an riga ka, ka dawo gobe. Injin da ya gaji, da sanyi yake tona kansa: jinkirin tashi, shuɗin hayaƙi, ko iska mai ƙarfi daga bakin da ake zuba baƙin mai. Na biyu kuma a sa ta aiki na gaske kamar minti 30, ta caki tulin yashi, ba zagayen fili ba. Idan ta yi zafi, a tura sandunan tuƙi gaba daidai wa daida. In ta karkace gefe guda, ko ta riƙa kuka tana ja da ƙyar, ɓangaren nan ya tafi. A cika bokiti, a ɗaga shi sama, a bar shi 'yan mintuna; in yana sauka da kansa, mai na zurarewa a cikin silinda. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa, ko da leƙe ne.

Agogon awa kuwa, ni ban cika yarda da shi ba, don ana canza shi kamar yadda ake mayar da kilomitar mota baya. Fin da bushin hannuwan ɗagawa sun fi shi gaskiya: a girgiza bokiti a ga yawan wasan da yake yi. A duba gindin hannuwan ko akwai walda, musamman inda fenti ya fi sauran jiki ƙyalli. A buɗe akwatin sarƙa. Man da ya koma fari-fari kamar kunu ya sha ruwa. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, domin na gaba da na baya na kowane ɓangare na'ura guda ke jan su.

Dillali zai ce, "Wannan Baljiyam ce, sabuwar fita, duk kwamfuta ce." A wajenmu wannan ba lallai yabo ba ne. Injinan da aka ƙera bayan Amurka da Turai sun tsaurara dokar hayaƙi ba sa jure gas mai datti ko gauraye, kuma in suka tsaya sai an nemo mai kwamfuta daga Kano ko Kaduna. Tsohuwar bobkat samfurin S185 mai injin Kubota, wadda ke ɗaukar kusan kilo 840, ta fi dacewa da ƙurar hunturu da rairayin Sandamu, muddin matatar iska da lagireto suna da lafiya. Kafin ciniki ya faɗa, a kira masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano a ji ko suna da filta da tiyo na samfurin, sannan a gwada lambar jikinta da ta takardun kwastan.

Wanda yashi zai loda, ya auna tsayin bodin tifarsa tun daga gida. Matsakaitan bobkat ba sa ɗaga bokiti fiye da kimanin mita 3, kuma idan ya kifa don zubarwa bakinsa ƙasa da haka yake sauka. Akwai tifofin da sai an tara wa bobkat tudun hawa kafin ta kai.