Zama Da Maɗaukin Kanwa: Labarin Wata Wasiƙa A Zaɓen Ingila

Ya kai mai karatu, ka san maganar nan da mutanenmu su ke yi, zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai. Magana ce mai kyau a wurinta. Uba ya kan faɗa wa ɗansa ita don ya raba shi da mugun aboki. Amma akwai waɗansu da suka mai da ita makami. In suna so su ka da mutum, ba su cewa shi ya ɗauki kanwa, don sun san ba su da shaida. Sai su ce, ku dubi wanda ya ke zama da shi. In kuwa ba ya zama da kowa, sai su ɗebo kanwar da hannunsu su barbaɗa masa a ka, sa'an nan su kira jama'a su zo kallo.

Ba lokacin da a ke yin wannan kamar lokacin zaɓe. Mai neman kujera a majalisa hanya biyu gare shi. Ko ya gaya wa mutane abin da zai yi musu, ko kuwa ya gaya musu aibin abokin takararsa. Kada ka zaci faɗin aibi duka laifi ne. In mutum ya ci kuɗin baitulmali, wanda ya tona shi ya yi wa ƙasa aiki. Abin da mu ke magana a kansa dabam ne, watau a ɗauko laifin wani a rataya wa wani, don kawai an gan su tare, ko an ce an gan su.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a Ingila cikin shekara ta 1924.

A watan Janairu na wannan shekara jam'iyyar Leba, watau ta ma'aikata, ta kafa gwamnati. Ba ta taɓa yin mulki ba sai wannan karo. Shugabanta, Ramsay MacDonald, ya zama Firayim Minista, watau babban waziri, ya kuma riƙe sha'anin ƙasashen waje da kansa. Amma ƙafarsa ba ta kafu sosai ba. Majalisa tana da kujera 615, nasa 191 ne kaɗai. Yana mulki ne saboda jam'iyyar Libaral ta ƙyale shi, ranar da ta juya masa baya kuwa ya faɗi.

A zamanin nan ba abin da masu dukiya na Ingila su ke tsoro kamar Rasha. Shekara bakwai ke nan da 'yan Kwaminis suka ƙwace mulki can. Sun karɓe gonaki da masana'antu daga hannun masu su, an kashe sarkin ƙasar da iyalinsa, sun kuma ce ba za su biya bashin da tsohuwar gwamnati ta ci ba. To, MacDonald ya ga ya fi kyau a yi ciniki da su da a zauna ana harara. Ya amince da gwamnatinsu cikin Fabrairu, cikin Agusta kuma aka sa hannu a yarjejeniya, har da maganar ba su rance. Abokan gābansa suka ce, kun gani? Ai dama ɗan gida ne.

Sa'an nan wata magana ta taso. Wani ɗan Kwaminis mai suna Campbell ya buga a jaridarsu cewa kada soja su harbi 'yan'uwansu ma'aikata. Gwamnati ta kai shi ƙara, daga baya ta janye. Majalisa ta ce ba ta yarda ba, sai an bincika dalili. Ran 8 ga Oktoba aka ka da gwamnati a majalisa, aka sa ranar sabon zaɓe 29 ga wata.

Ran 25 ga Oktoba, saura kwana huɗu a jefa ƙuri'a, jaridar Daily Mail ta fito da wata wasiƙa. An ce wani babba a Masko ya rubuta ta, sunansa Zinoviev, shugaban ƙungiyar da ke haɗa 'yan Kwaminis na duniya. Tana ɗauke da kwanan wata 15 ga Satumba. A ciki ana umurtar 'yan Kwaminis na Ingila su matsa a tabbatar da yarjejeniyar nan, su kuma shiga cikin soja da mayaƙan ruwa a ɓoye, su shirya su don ranar tawaye.

Yanzu tsaya ka duba da kyau, gama nan ne dabarar ta ke. Ba MacDonald aka rubuta wa wasiƙar ba. Ba jam'iyyarsa aka rubuta wa ba. 'Yan Kwaminis na Ingila jam'iyyarsu dabam, ƙarama ce ƙwarai. Sun sha neman shiga inuwar Leba ana korarsu, har cikin wannan wata na Oktoba babban taron Leba ya sake ƙin su. Ko da a ce wasiƙar gaskiya ce, ba ta nuna MacDonald ya aikata kome ba. Amma wa zai tsaya wannan lissafi saura kwana huɗu? Abin da mai karanta jarida ya gani shi ne, mutanen Masko suna son yarjejeniya, MacDonald yana son yarjejeniya, mutanen Masko suna son tawaye. Sauran maganar zuciyarsa ce ta ƙarasa masa. Ba wanda ya ce masa MacDonald maci amanar ƙasa ne. An dai ajiye shi kusa da kanwa, aka bar idon mutane ya yi aiki.

Abin da ya ƙara wa wutar iska shi ne, ma'aikatar harkokin waje, wadda MacDonald kansa ke shugabanta, ta ɗauki wasiƙar gaskiya ce. Ta aika wa wakilin Rasha a Landan takardar ƙorafi mai zafi, ta kuma ba 'yan jarida. MacDonald kuwa yana can yana yawon neman ƙuri'a. Ya yi kwana biyu bai ce kome ba, da ya zo yin magana kuma bai ce gaskiya ce ba, bai ce ƙarya ce ba, sai ya yi ta kewaye. Zinoviev ya ce bai taɓa rubuta ta ba. Amma wa zai gaskata wanda a ke tuhuma?

Ka lura da lokacin da aka zaɓa. Da an fito da ita saura wata biyu, da an sami damar tambaya, ina asalin takardar? Wa ya gan ta da idonsa? Ta hannun wa ta biyo? Gama ba asalinta aka nuna ba, kwafi ne kawai. Mai irin wannan aiki ya san ƙarya ta fi bincike sauri, saboda haka ya kan jira sai kasuwa ta kusa tashi kāna ya baje hajarsa.

Aka yi zaɓe. Jam'iyyar Konsabatib ta Stanley Baldwin ta sami kujera 412. Leba ta sauko daga 191 zuwa 151. Amma ga abin mamaki. Yawan mutanen da suka jefa wa Leba ƙuri'a bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi da wajen miliyan ɗaya. Wadda ta sha kashi sosai ita ce Libaral, ta faɗo daga 158 zuwa 40, har shugabanta Asquith ya rasa kujerarsa. Me ya kawo haka? Mutanen MacDonald sun san shi, ba su yarda da zancen ba. Waɗanda tsoro ya kama su ne na tsakiya. Da yawa suka bar Libaral, wadda ita ta ɗora Leba a kan mulki, suka gudu wurin Baldwin. Ka ga ita ma zama da maɗaukin kanwa ya ci ta. Masana tarihi da yawa suna ganin ko ba wasiƙar Baldwin zai ci, kuma ina ganin suna da hujja. Duk da haka 'yan Leba sun yi shekaru suna cewa da takardar jabu aka kore su, har wannan ya hana su duba nasu kurakurai.

Kada ka ce sai da ƙarya a ke wannan aiki. Ana yinsa da gaskiya tsantsa, wannan kuwa ya fi wuyar kamawa. A Amurka, cikin 1950, Richard Nixon da wata mace, Helen Gahagan Douglas, suka nemi kujerar majalisar dattawa ta jihar Kalifoniya. Akwai wani wakili daga Niyok, Vito Marcantonio, wanda a ke ganin yana bin ra'ayin 'yan Kwaminis. Mutanen Nixon suka ƙidaya, suka tarar sau 354 matar nan ta jefa ƙuri'a a majalisa gefe ɗaya da shi. Suka buga wannan a takarda mai launin ja-ja, don ja shi ne launin tutar Kwaminis, suka rarraba ta dubu ɗaruruwa.

Lissafin daidai ne, ba su ƙara ko ɗaya ba. Abin da ba su faɗa ba shi ne, a majalisa gefe biyu ne kaɗai, i ko a'a. Da yawa cikin waɗannan ƙuri'u a kan al'amura ne da yawancin wakilai suka yarda da su. Nixon kansa ya sha faɗawa gefe ɗaya da mutumin. A babbar magana kuwa, kamar taimakon da Amurka ta ba ƙasashen Turai bayan yaƙi don kada Kwaminis su rinjaye su, matar ta ce i, Marcantonio ya ce a'a. Misalinsa kamar a ce ka bi hanyar kasuwa sau ɗari uku tare da ɓarawo. Gaskiya ne, amma hanyar kasuwar ɗaya ce, liman ma ita ya ke bi. Nixon ya ci zaɓe da rata mai yawa. Don adalci kuma sai in gaya maka, mutanen matar su ma sun gwada rataya masa Marcantonio, ba su dai iya ba kamar yadda ya iya.

Cikin wannan shekara kuma, a jihar Maryland, aka yanko hoton Sanata Millard Tydings aka manna shi kusa da hoton Earl Browder, tsohon shugaban 'yan Kwaminis na Amurka, kamar suna hira. An rubuta a ƙasa cewa haɗa hoton aka yi, amma mutane hoto su ke kallo. Tydings ya faɗi, bayan shekara 24 a majalisa. Da almakashi da gam aka yi wannan. Yau na'ura tana iya haɗa hoto da murya har uwar mutum ta rantse ɗanta ne.

Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne. Zamanin da aka fara siyasar jam'iyyu a Arewa, bayan 1950, NEPU ta Malam Aminu Kano ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe. Abokan hamayyarta suka yi ta cewa 'yan NEPU 'yan koren mutanen Kudu ne. Su kuma suka mayar da martani, suka ce NPC jam'iyyar Turawan mulki ce. Talaka yana tsakiya, maganar harajinsa da gonarsa ta koma gefe.

To, in an kawo maka irin wannan zance, ba a ce ka toshe kunne ba. Wani zaman abin tambaya ne. In mai neman kujera yana karɓar kuɗi daga hannun wani, ko ya yi masa alkawarin muƙami, ya kamata ka sani, domin gobe wannan mutum zai zo karɓar bashinsa. Amma ka yi yadda alƙali mai hankali ya kan yi. In an kawo masa mutum an ce maƙwabcinsa ɓarawo ne, sai ya ce, na ji, shi fa me ya ɗauka? Ka tambayi mai kawo zancen, wane irin zama ne, ciniki ne, ko aure, ko gaisuwa ce a wurin jana'iza? Ka tambaye shi tun yaushe ya sani, me ya sa bai faɗa ba sai yau da zaɓe ya rage kwana uku. Yanzu da ka iya karatu, kada ka tsaya ga manyan baƙaƙen da ke bisa takarda. Ka sauka ƙasa ka karanta ƙananan, ka nemi sunan wanda ya buga ta. Sabon mai karatu ya kan ɗauka duk abin da aka buga da injin gaskiya ne. Injin ba ya rantsuwa, abin da aka jera masa shi ya ke bugawa.

Saura in gaya maka ƙarshen wasiƙar. Gwamnatin Baldwin da ta hau ta ce ta duba, wasiƙa gaskiya ce, ta kuma yi watsi da yarjejeniyar Rasha. Aka yi ta gardama shekara da shekaru. Sai cikin 1998 ministan harkokin waje na Ingila, Robin Cook, ya sa babbar mai kula da tarihi ta ma'aikatarsa, Gill Bennett, ta bincika. Aka buɗe mata takardun 'yan leƙen asirin Ingila, ta kuma duba na Masko. Cikin 1999 ta ba da rahoto cewa wasiƙar jabu ce. Ta biyo ta ofishin leƙen asirin Ingila na birnin Riga, kuma zato mafi ƙarfi shi ne waɗansu Rashawa masu gudun hijira, maƙiyan Kwaminis, su suka ƙaga ta. Shekara 75 ke nan bayan zaɓe. MacDonald ya rasu tun 1937.

Shi kuwa Zinoviev bai kai ko nan ba. Cikin 1936 Stalin ya gurfanar da shi gaban shari'a a Masko, aka ce ya haɗa kai da Trotsky, wanda aka kora daga ƙasar tun shekara bakwai da suka wuce. Aka yanke masa hukunci cikin watan Agusta, aka harbe shi.