Tseren keke a Ostireliya: nasara a Turai, fargaba a titunan gida

A ranar 24 ga watan Yulin 2011, Cadel Evans ya shiga birnin Paris sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa, inda ya zama ɗan ƙasar Ostireliya na farko da ya lashe gasar Tour de France, wadda ita ce gasar tseren keke mafi girma a duniya.

Yana da shekaru 34 a lokacin, kuma sau biyu ke nan yana zuwa na biyu kafin ya kai ga gaci. Da ya koma gida, dubban jama'a ne suka yi cincirindo a tsakiyar birnin Melbourne domin tarbarsa.

Nasarar tasa dai ta tabbatar da cewa ƙasar, duk da nisan da ke tsakaninta da nahiyar Turai inda wasan ya samo asali, ta shiga sahun manyan ƙasashen tseren keke.

To sai dai a cikin gida, ƙidayar jama'ar ƙasar na nuna cewa kimanin mutum ɗaya ne kawai cikin ɗari ke zuwa wurin aiki a kan keke, kuma an shafe fiye da shekaru 30 ana tafka muhawara a kan yadda za a kare rayukan masu hawansa.

Keken masu neman abinci

Keke ya samu karɓuwa a Ostireliya a matsayin abin hawan masu neman na kansu.

A shekarun 1890, lokacin da aka gano zinare a yankin Coolgardie da ke yammacin ƙasar, masu kai saƙonni sun riƙa ratsa busasshen daji a kan keke, saboda ciyar da doki da shayar da shi a wurin na da tsadar gaske. Su ma masu aske gashin tumaki sun riƙa hawa keke daga wannan gona zuwa waccan, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, suna neman aiki.

 Tseren da ake yi daga Melbourne zuwa garin Warrnambool ya faro ne a shekarar 1895, kuma yana daga cikin mafiya daɗewa a duniya.

A shekarar 1914, wasu 'yan ƙasar biyu, Don Kirkham da Iddo Munro, suka shiga Tour de France, suka kuma kammala ta a matsayi na 17 da na 20. A 1928 kuma Hubert Opperman ya zo na 18, duk da cewa su huɗu ne kacal a ƙungiyarsa, yayin da manyan ƙungiyoyin Turai ke da 'yan tsere har goma. Daga baya Opperman ya shiga siyasa, har ya riƙe muƙamin ministan kula da shige da fice.

Amma sai a shekarar 1981 ne Phil Anderson ya sanya rigar ruwan ɗorawa, wadda ake bai wa wanda ke kan gaba a gasar. Shi ne mutum na farko daga wajen nahiyar Turai da ya sanya ta.

Daga daji zuwa Paris

An haifi Cadel Evans ne a 1977 a garin Katherine da ke arewacin ƙasar. Yana ɗan shekara bakwai doki ya harbe shi a ka, abin da ya sa ya yi kwanaki a asibiti bai san inda yake ba.

Ya soma ne da tseren keken duwatsu, wato keke mai kaurin taya da ake tuƙawa a ƙananan hanyoyin daji, tsakanin saiwoyin itatuwa da gangaren tsaunuka. Ya lashe kofin duniya na wannan fanni a 1998 da 1999, ya kuma zo na bakwai a wasannin Olamfik na birnin Sydney a shekara ta 2000.

Daga nan ne ya koma tseren kan titi, inda ake samun kuɗi da suna. Wannan kuwa wani fanni ne na daban. Tour de France dai gasa ce ta makonni uku, mai zango 21, ana tafiyar fiye da kilomita 3,000, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ke yin nasara.

A 2007, Alberto Contador na ƙasar Sifaniya ya doke Evans da daƙiƙa 23 kacal. A shekarar da ta biyo baya kuma Carlos Sastre, shi ma ɗan Sifaniya, ya sha gabansa da daƙiƙa 58.

A 2009 Evans ya zama zakaran duniya na tseren titi a garin Mendrisio na ƙasar Suwizalan. A gasar Faransa ta 2010 kuwa ya sanya rigar ruwan ɗorawa, amma karayar da ya samu a gwiwar hannu ta hana shi riƙe ta.

A 2011, ana saura kwana ɗaya a kammala gasar, Andy Schleck na ƙasar Luxembourg na gabansa da daƙiƙa 57. A ranar an yi tseren agogo ne a birnin Grenoble, wato kowa ya fita shi kaɗai ana auna lokacinsa, babu wanda zai tare masa iska. Evans ya rufe tazarar, ya kuma kammala gasar da ratar minti ɗaya da daƙiƙa 34.

Ya yi ritaya a farkon 2015, bayan ya fafata a wata gasa da aka sanya wa sunansa a birnin Geelong.

Hannun gwamnati

Nasarar Evans na da alaƙa da wani mataki da hukumomi suka ɗauka tun yana yaro ƙarami.

Bayan da Ostireliya ta dawo daga wasannin Olamfik na birnin Montreal a 1976 ba tare da lambar zinare ko guda ba, gwamnati ta kafa cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasa a Canberra, babban birnin ƙasar, a 1981. Cibiyar ta riƙa zaɓo matasa, tana ba su masu horarwa da likitoci, tana kuma tura su Turai domin su goge. Evans na daga cikin waɗanda suka ci gajiyar shirin.

A wasannin Olamfik na birnin Athens a 2004, ƙasar ta samu lambobin zinare shida a tseren keke kaɗai.

Haka kuma, gwamnatin jihar Kudancin Ostireliya ta ƙirƙiro gasar Tour Down Under a 1999, bayan da birnin Adelaide ya rasa gasar tseren motoci ta Formula One, wadda aka mayar Melbourne. Ana yin gasar ne a watan Janairu, lokacin da ake tsananin zafi a can yayin da Turai ke cikin hunturu. A 2008 ta zama gasa ta farko a wajen Turai da aka sanya cikin jerin manyan gasannin duniya.

A 2012, wani attajiri mai suna Gerry Ryan ya zuba kuɗi aka kafa GreenEDGE, ƙungiyar ƙasar ta farko a babban rukunin ƙwararru. Daga bisani Jai Hindley ya lashe gasar Giro ta ƙasar Italiya a 2022, yayin da Grace Brown ta ci zinare a tseren agogo na mata a wasannin Olamfik na Paris a 2024.

Sai dai ƙasar ba ta tsira daga badaƙalar shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba. Bayan da asirin Ba'amurke Lance Armstrong ya tonu a 2012, Matt White ya amsa cewa ya yi amfani da su lokacin da yake tsere. A 2013 kuma Stuart O'Grady, wanda ya lashe Tour Down Under ta farko, ya amsa cewa ya yi amfani da sinadarin EPO gabanin gasar Faransa ta 1998.

'Yan ƙarshen mako

Mafi yawan masu hawan keke a Ostireliya dai ba su taɓa shiga gasa ba. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho, waɗanda ke fita domin motsa jiki da shaƙatawa.

A safiyar kowace Asabar, dubbansu kan fito ayari-ayari a kan titin Beach Road da ke bakin teku a Melbourne, su kammala tafiyar da shan gahawa. Tun 1993 ake shirya wata tafiya ta shekara-shekara da ke zagaye mashigin ruwan Port Phillip, mai nisan kilomita 210, inda ake tsallaka wani ɓangare a jirgin ruwa.

A shekarun 2000, an yi shekaru da dama a jere yawan kekunan da aka sayar a ƙasar na zarce yawan motoci.

Keken duwatsu kuwa ya farfaɗo da wasu wuraren da suka durƙushe. Garin Derby da ke tsibirin Tasmania ya yi tashe ne a zamanin haƙar kuza, ya kuma kusan zama kufai bayan an rufe ma'adinan. A 2015 aka buɗe hanyoyin keke a dazuzzukan da ke kewaye da shi, kuma a 2017 ya karɓi baƙuncin wata gasa ta duniya. Masaukai da gidajen abinci da shagunan hayar keke sun buɗe, amma farashin gidaje ya tashi, abin da wasu mazauna garin suka koka a kai.

A Canberra ma, an gina filin keke ne a tsaunin Stromlo bayan da gobarar daji ta watan Janairun 2003 ta lashe itatuwan wurin, kuma a nan aka yi gasar cin kofin zakarun duniya ta keken duwatsu a 2009.

Akwai kuma wata matsala da masu keke a ƙasar suka saba da ita. A wajejen watan Satumba, lokacin ƙyanƙyasa, wani tsuntsu mai launin baƙi da fari da ake kira magpie kan kai wa masu wucewa sura a ka domin kare sheƙarsa. Wasu kan ɗaura tsinkayen roba a kan hularsu domin su kore shi.

Dokar hular kwano

A ranar 1 ga watan Yulin 1990, jihar Victoria ta tilasta wa duk mai hawan keke, babba da yaro, sanya hular kwano. Zuwa 1992 sauran jihohi sun bi sahu, abin da ya sa Ostireliya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta kafa irin wannan doka a duk faɗinta.

A 2016, jihar New South Wales ta ƙara tarar rashin sanya hular zuwa dalar Ostireliya 319.

Ƙungiyoyin likitocin ƙasar na goyon bayan dokar, suna masu cewa hular na rage munin raunin da ake samu a ka, wanda shi ne ke yawan jawo mutuwa ko naƙasa.

Masu adawa kuwa na cewa dokar ta sa mutane da dama, musamman matasa, sun ajiye keke, kuma ta sa ana kallon hawansa a matsayin abu mai haɗari da ke buƙatar shiri na musamman. Sukan ba da misali da ƙasar Holan, inda ba a tilasta sanya hular ba, amma aka ware wa kekuna hanyoyinsu daban, kuma jama'a masu ɗimbin yawa ke zuwa aiki da makaranta a kansu.

Shirin hayar kekuna da aka ƙaddamar a Melbourne a 2010 bai samu karɓuwa ba, aka rufe shi a 2019. Wasu sun ɗora laifin a kan dokar, ganin cewa mai wucewa ba ya yawo da hular kwano a hannu, yayin da wasu ke cewa ƙarancin tashoshin ajiye kekunan ma ya taka rawa.

Tazarar mita ɗaya

Abin da ya fi girgiza ƙasar a kan batun lafiyar masu keke ya faru ne a ƙasar Jamus.

A ranar 18 ga watan Yulin 2005, 'yan wasan ƙasar mata su shida na atisaye a kusa da garin Zeulenroda, sai wata mota ta ƙwace wa matashiyar da ke tuƙa ta, ta auka musu. Amy Gillett, mai shekaru 29, wadda ta taɓa wakiltar ƙasarta a tseren kwale-kwale a wasannin Olamfik na 1996, ta rasu nan take. Sauran biyar ɗin sun samu munanan raunuka.

Iyalanta da hukumar tseren keke ta ƙasar sun kafa wata gidauniya da sunanta, wadda ta shafe shekaru tana fafutukar ganin an kafa dokar da za ta tilasta wa direbobi barin tazara idan za su wuce mai keke.

Jihar Queensland ce ta fara gwada dokar a 2014. Ta tanadi cewa direba ya bar aƙalla mita ɗaya a inda iyakar gudu ba ta wuce kilomita 60 a sa'a ba, da mita ɗaya da rabi a inda ta wuce haka.

Ana cikin wannan fafutuka ne, a watan Maris na 2017, mota ta kashe fitaccen ɗan tseren dogon zango na Birtaniya, Mike Hall, a kusa da Canberra, yayin wata gasa ta ratsa ƙasar daga Fremantle zuwa Sydney, tafiyar kimanin kilomita 5,500. An dakatar da gasar a ranar.

Jihar Victoria, wadda ita ce ta fara kafa dokar hular kwano, ita ce ta ƙarshe wajen amincewa da dokar tazarar, a shekarar 2021.

Aiwatar da dokar dai na da wuya, domin ba kasafai 'yan sanda ke iya auna tazarar da ke tsakanin mota da keke suna cikin tafiya ba. Alƙaluman hukuma na nuna cewa masu keke tsakanin 30 zuwa 50 ne ke mutuwa a titunan ƙasar a mafi yawan shekaru.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin masu hawan keke suka fi mayar da hankali ga neman a gina hanyoyin da aka raba su da na motoci da shinge, lamarin da kan haɗa su rigima da direbobi da masu shaguna, waɗanda ke ƙorafin cewa ana cinye musu wuraren ajiye motoci.