Duba tsohon jirgin iska kafin a saya

A gaɓar tekun Indiya, a ƙasar Kenya, akwai wani tsibiri mai suna Lamu. Har yanzu mutanen wurin suna sassaƙa jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska. Babban cikinsu ana ce masa jahazi. Ana rataya masa babban zane mai kusurwa uku a jikin dogon ginshiƙi, iska ta cika zanen ta tura jirgin. Cikin irin waɗannan jirage ne alhazan ƙasarmu na dā masu tafiya a ƙasa suke ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda.

Sabon jirgi yana da tsada, saboda haka masunta da yawa tsoho suke saye. Amma ba a cinikin biri a sama. Wanda ya sayi ruɓaɓɓen jirgi ya yi hasarar kuɗinsa, kuma ya sa ransa da na abokan aikinsa cikin haɗari. Shi ya sa mai saye yakan tafi da masassaƙin da ya san aikin.

Da farko sai an ga cikin jirgin, wato sashen da ke nutse cikin ruwa. A Lamu ruwan teku yakan janye sau 2 kowace rana. Ana kawo jirgin bakin gaɓa, a tokare shi da itatuwa, a jira ruwa ya janye ya bar shi bisa rairayi.

Masassaƙi yana bin katako ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Katako mai lafiya yana ba da sauti mai kaifi. Wanda ya ruɓe sautinsa a dushe yake, kuma tsinin wuƙa yana shiga cikinsa ba wuya. Ana dubawa sosai inda ruwan sama ke kwanciya, domin ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri saurin ruɓar da katako.

Babban abokin gaban jirgi wata halitta ce mai kama da tsutsa. Tana shiga katako tun tana ƙarama, ta wata ƴar huda kamar ta allura. A ciki take girma tana cin katakon, tsawonta ya kai santimita 20 ko fiye. Daga waje katako lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka, kamar azarar da gara ta ci.

Daga nan sai ƙusoshi. Gishiri yana sa ƙarfe tsatsa. In an ga jan zane yana gangarowa daga kan ƙusa, ana zare ɗaya a gani. Ƙusar da ta sirance ba ta riƙe katako. Ana kuma duba tsakanin katakai, inda ake cusa auduga da mai don kada ruwa ya shiga. Sake audugar aiki ne mai sauƙi. Amma in babban itacen da ke ƙasa, ƙashin bayan jirgin, ya tsage, gara a fasa cinikin.

Ginshiƙi ma ana duba shi tun daga gindi har kai, ko akwai tsaga. Ana buɗe zanen a rana, domin haske yana nuna inda ya sine. Igiya kuwa ana warware ta kaɗan. In cikinta ya zama gari, ta mutu.

A ƙarshe, in ruwa ya dawo, ana kwashe ruwan da ke cikin jirgin sarai, a shiga teku da shi. Ana juya shi dama da hagu. Bayan awa 1 ko 2 sai a duba yawan ruwan da ya shigo. Sai an lissafa kuɗin gyara an haɗa da kuɗin jirgin sannan a san ko araha ce.

Tambayoyi
1. Don me ake jiran ruwan teku ya janye?
2. Yaya ake gane katakon da ya ruɓe?
3. Wane aibi ne ke sa a fasa cinikin?
4. Me ake dubawa kafin a sayi raƙumi ko amalanke a kasuwarku?